Taswirar Adiza

An ɗauke wuta a Nima tun la'asar.
Adiza ta baje littafi kan tabarma,
fitilar waya a haƙora, fensir a kunne,
wai malami ya ce su zana Bolta
daga mafari har inda ta faɗa teku.
Na ce, ajiye takardar nan, miƙo min buta.

Na tsiyaya ruwa kan simintin tsakar gida.
Ga Baƙar Bolta nan, daga ƙasar Bobo,
ta fara nufar arewa kamar mai ɓatan kai,
sannan ta tuna, ta juyo kudu,
tana raba ƙasa da ƙasa, ba ta da fasfo.
Ga Fara, daga ƙasar Mosi,
ta wuce gonakin albasa na Bawku,
ta lashi gishirin Daboya,
ta sha shuɗin marinarsu bai kama ta ba.
Akwai Ja, ƙanwarsu, ba ta da dogon numfashi,
tun a hanya ta shige zanen yayarta.
Oti kuwa baƙuwa ce daga gabas,
ta ratso Togo da laka a ƙafa,
ba sallama.

Adiza ta ce, Kaka, a hankali, ina rubutawa.
Na ce ruwa ba ya jiran mai rubutu.

Sai ruwan ya taru a wani lotsi na siminti,
inda turmi ya daɗe yana zama.
Na sa yatsa. Na ce, nan ne tafki.
Nan Yeji, inda kifin banda ke hawa mota.
Nan kuma, sai na yi shiru.

Nan Kete ce, tsohon zango.
A nan aka yanke min cibiya.
Babana, Malam Gariba, yana awon goro
a rumfa ta uku daga bakin masallaci,
tsamiya a ƙofar gida,
akuyarmu mai kunne ɗaya.
Ina shekara tara aka zo da fenti
aka sa lamba a bangon kowa.
Ruwan bai zo da gudu ba, Adiza,
da rarrafe ya zo, kamar jariri,
yau a bakin rijiya, jibi a murhu.
Mun ɗauki tukwane, mun ɗauki allo,
mun ɗauki har ƙyauren ɗaki.
Kabarin innata Lantana ne
ba a san ta inda za a ɗaga shi ba.

Daga nan ruwan ya matse tsakanin duwatsu,
Akosombo ta tare shi ta ce sai ya yi aiki,
ya juya ƙarfe, ya haifi wuta.
A Kpong a ɗebi wani a tura bututu,
shi ne wanda Fuseni ke sayar mana a galan
yana rantsuwa ba ya cin riba.
Saura ya wuce Sogakope a gajiye,
a Ada ya buɗe hannu, teku ta karɓa.

Ni ma hanyar na biyo, ai.
Shi ya bi kwari, ni na bi bayan lori,
muka sake haɗuwa a bakin famfo
ina da furfura, shi ko alama.

Adiza ta ce, to a taswira ina zan sa Kete?
Malam ya ce shuɗi kawai ake shafawa.
Na ce shafa shuɗin,
amma ki ɗiga fensir a ƙasa tukuna,
ɗigo ɗaya, ba sai ya gani ba.

Ana kiran isha'i wuta ta dawo.
Yara suka yi ihu har Mamobi,
fanka ta ɗauka, firijin maƙwabta ya yi tari.
Na ɗaga kai na dubi ƙwan lantarki.
Duk dare haka nake masa,
don ruwan da ya kunna shi
ta kan innata ya bi.

Simintin ya riga ya fara bushewa,
Oti ce ta fara tafiya.
Adiza ta taka Bawku da silifa
za ta ɗauko shuɗin fensir.